Foraj mai sola: me ke kashe shi bayan an yi bikin buɗewa?

A Arewacin Kamaru, duk wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Mora, ko ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Kayele da Yagwa a watan Afrilu, ya taɓa cin karo da wannan: hasumiyar ƙarfe da tankin ruwa a kanta, farantan sola shida ko takwas an kewaye su da waya, kawunan famfo huɗu a jere, ga allon da aka rubuta sunan waɗanda suka kawo aikin ko fentinsa bai koɗe ba. Ƙarƙashin famfon kuwa a bushe ƙamas, awaki na kwance a inuwar tanki. Can gaba kaɗan, cikin yashin mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani, mata da yara sun tona rami suna kwalfar ruwa da ƙoƙo. Ka tambayi jauro, wato mai garin, me ya faru, zai ce maka inji ne ya mutu. Ka ce yaushe, ya ce tun kafin azumin bara. Ka ce wa aka gaya wa, sai kowa ya shiga kallon ɗan'uwansa.

Gaskiya jauro ya faɗa, injin ya mutu. Sai dai mutuwar inji ita ce ta ƙarshe a jerin abubuwan da suka lalace, kuma sau da yawa ciwon ya kama aikin tun ba a kawo motar haƙa ba. Rijiyar burtsatse, wadda a nan muka fi sani da foraj, idan aka ɗora mata sola takan bi ta hannun mutane aƙalla bakwai: mai ƙidayar jama'a da dabbobi, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, mai haƙa, mai haɗa wuta, mai aikin famfo, jami'in lafiya, da mai riƙe kuɗi. Kowannensu yana iya yin aikinsa daidai yadda aka koya masa, ya karɓi haƙƙinsa ya tafi, foraj ɗin kuma ya mutu cikin shekara biyu. Ɓarakar tana tsakanin hannu da hannu, wurin da lissafin wannan ya kamata ya shiga aikin wancan amma bai shiga ba. Abin da ake nufi da tafiyar da fasaha ke nan: a sami wanda zai riƙe zaren tun daga zaɓen wuri har zuwa ranar da za a sauya inji, ya tabbatar kowace lamba ta isa hannun wanda zai yi aiki da ita.

A fara da ƙidaya, domin a kanta komai yake zaune. Mu ɗauki ƙauye mai mutum 1,500. Idan aka ba kowa lita 20 a rana, wanda shi ne ma'aunin da ake yawan ɗauka na sha da girki da ɗan wanka, an sami lita 30,000. Shanu 250, kowace a ba ta lita 30 a bazara, lita 7,500. Tumaki da awaki 500, lita biyar-biyar, 2,500. Jimla lita 40,000 a rana. Lissafin ba shi da wuya. Wuyar ita ce yaushe aka ƙirga kuma wa aka tambaya. Wanda ya je ƙauye a watan Satumba zai tarar da tafkuna a cike, shanu sun yi nisa, sai ya rubuta mutane kaɗai. A watan Maris garken da ke wucewa zuwa fadamar Logon zai yada zango a bakin famfon, makwabtan da rijiyoyinsu suka ƙafe za su zo da amalanke da jarka goma-goma. A Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari kuma akwai ƙarin waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, ƙauye ya wayi gari ya ninka ba tare da takardar ƙidaya ta sani ba. Wannan bayani ba injiniya ke da shi ba. Lawan ne da shi, da arɗon Fulani, da malamin dabbobi mai yin allurar rigakafi, da matan da ke ɗebo ruwan. Idan ba a zauna da su ba, duk lissafin da ya biyo baya an gina shi a kan yashi.

Daga nan sai ƙasa ta faɗi nata. Arewacin Kamaru ba ƙasa iri ɗaya ba ce. A duwatsun Mandara da gindinsu, wajen Mokolo da Mora, dutse ne a ƙasa, ruwa yana maƙale cikin tsagogi da ruɓaɓɓen saman dutsen. A nan ana iya haƙa rami biyu tsakaninsu taku hamsin, ɗaya ya ba da ruwa ɗaya ya fito fayau. A filin Logon kuwa, daga Yagwa zuwa Kusseri har a tsallaka Njamena, yashi ne da laka shimfiɗa kan shimfiɗa, ruwa ya fi yawa kuma ya fi kusa, shi ya sa ma ake iya haƙa da hannu a wurare da dama. Wanda ya kwaso tsarin da ya yi aiki a Kusseri ya kai shi Mokolo ya yi kuskure tun daga tushe.

Akwai wata lamba da ke yaudarar mutane ƙwarai. Idan mai haƙa ya gama, yakan hura iska cikin ramin, ruwa ya yi tsiri sama, jama'a su yi guɗa, shi kuma ya auna da bokiti ya ce rijiyar tana ba da lita kaza a awa. Wannan awon na ɗan lokaci ne, yana nuna abin da ya taru a ramin da kewayensa. Abin da rijiya za ta iya bayarwa kullum, wata da watanni, sai gwajin jan ruwa ke nuna shi. Ana zura inji, a ja ruwa mataki-mataki, uku ko huɗu, kowane mataki awa ɗaya ko biyu ana ƙara ƙarfi, ana auna yadda ruwan ke sauka cikin ramin. Sannan a zaɓi ƙarfi ɗaya a ja ba tsayawa na awa 24 ko fiye, a kashe, a zauna ana auna yadda ruwan ke komowa inda yake. Daga nan ake fitar da lambobi uku: zurfin da ruwa ke tsayawa in ba a ja, zurfin da yake sauka in ana ja, da yawan da za a iya ja ba tare da an ƙure rijiyar ba. Mai hankali ba ya jan duk abin da gwajin ya nuna, yakan bar kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu. Lokacin gwajin ma yana da tasiri. Wanda aka yi a Oktoba, ƙasa na jiƙe da ruwan damina, ya fi na Mayu daɗin ji, amma na Mayu ne gaskiya.

Yanzu a dubi yadda lambar nan ke karo da ta farko. Injin sola ba ya aiki awa 24. A ƙasarmu ana ƙiyasta cikakkiyar rana ta kusan awa biyar da rabi zuwa shida a yini. Lita 40,000 cikin awa biyar da rabi na nufin kusan lita 7,300 a kowace awa. To idan gwaji ya nuna rijiyar ba ta wuce lita 4,000 a awa ba, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar dutse, to kusan lita 22,000 za a samu a waɗannan awoyin. Wannan rijiyar da a ce famfon hannu ne a kanta, irin India Mark II ko Vergnet na takawa, da ta wadatar da shi har abada, domin famfon hannu da ƙyar yake jan lita 1,000 a awa. Shi ya sa cire famfon hannu a ɗora sola ba tare da sabon gwaji ba yana daga cikin manyan hanyoyin kashe rijiya mai lafiya. Mafita tana nan: a haƙa ta biyu a haɗa su tanki ɗaya, ko a ƙara janareto ya ja da dare a hankali, ko a ware wa dabbobi nasu wurin. Amma shawara ce da sai masanin ruwa da mai wuta da mai kuɗi sun zauna tare, domin kowace hanya tana da farashinta.

Abin da ke faruwa in ba a zauna ba sananne ne. Mai haɗa wuta bai ga takardar gwaji ba, wani lokaci ma ba a yi gwajin ba. Ya sayo babban inji, irin wanda ake zurawa cikin rijiya da 'yan kasuwa ke kira sumo, don kada a ce ya yi ƙwauro. Da hantsi injin ya fara ja da kyau. Rana na take tsaka ƙarfinsa ya kai maƙura, ya zuƙe ruwan ramin, ya fara shaƙar iska. Shi kuwa wannan inji da ruwan da yake ja yake sanyaya jikinsa. Idan akwai na'urar da ke kashe shi in ruwa ya sauka, zai riƙa tsayawa yana tashi duk yini. Idan babu, ko an cire ta don an ce tana hana ruwa zuwa, zai yi zafi har wayoyinsa su ƙone. Jan ruwa da ƙarfin tsiya kuma yana janyo yashi ta rariyar bututun, wato tsagogin da ruwan ƙasa ke shigowa rami ta cikinsu, yashin ya cinye fukafukan injin kaɗan-kaɗan. Wurin rataye shi ma ilimi ne: ƙasa da inda ruwa ke sauka da 'yan mitoci, kuma kada ya fuskanci rariya kai tsaye. Wanda bai riƙe zanen ramin da mai haƙa ya yi ba, ta ina zai san inda rariyar take?

Lissafin farantai shi ma daga takardar gwajin yake tasowa. Mu ce ruwa na sauka zuwa mita 35 in ana ja, tanki na sama da ƙasa da mita 10, gogayyar ruwa cikin bututu ta ci kwatankwacin mita 5. Tsayin da inji zai tura ruwa ya zama mita 50. Ɗaga lita 1,000 zuwa tsayin mita ɗaya yana cin kusan wat-awa 2.7. Saboda haka lita 40,000 zuwa mita 50 na buƙatar wat-awa 5,400. Inji da motarsa sukan mayar da kusan rabin wutar da suka sha ne zuwa aiki, sai lambar ta ninka, 10,800. Zafi da ƙura da waya su ci kashi ɗaya cikin huɗu, ta koma 14,400. A raba da awa biyar da rabi, a sami wat 2,600 da ɗoriya, wato farantai bakwai masu wat 400. Yanzu a ce lambar zurfin nan ƙarya ce, a bazara ruwan yana sauka mita 55. Tsayi ya koma mita 70, farantan nan bakwai kusan lita 30,000 kawai za su bayar. Mai wuta bai yi kuskure a lissafinsa ba, lambar da aka miƙa masa ce gurguwa.

Maganar zafi tana ba mutane mamaki, don ana ɗauka rana mai ƙuna ita ce abincin sola. Haske faranti ke so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25, kuma kowane digiri da ya hau yana zaftare kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A Marwa ko Kusseri a watan Afrilu, iska na haura digiri 40, jikin farantin yana iya kaiwa 65. Kashi 16 ya tafi ke nan, a watan da aka fi buƙatar ruwa. Ƙurar hunturu ta zo ta ɗora nata. Maganinta ba ya cin ko sisi: a wanke farantan da ruwa da tsumma mai laushi sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. A kafa su suna kallon kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15, a bar iska na wucewa ta ƙarƙashinsu. Kada a manta da reshen darbejiyar da aka dasa don inuwa, shekara uku kawai yake buƙata ya leƙo kan farantai, kuma inuwa a kan guda ɗaya tana jan ƙarfin duk layin ƙasa. Akwatin da ke sarrafa wutar kuma a sa shi a inuwa, a toshe ramukan da ƙadangare da zanzaro ke shiga, a kafa masa sandar ƙasa da makarin tsawa, domin hadarin farkon damina ya kashe akwatuna da yawa.

Tanki shi ne batirin wannan tsari, kuma ya fi batir araha da daɗewa. Mata na ɗiban ruwa da asuba da kuma bayan la'asar, inji kuwa da tsakar rana yake da ƙarfi. Tankin lita 5,000 a ƙauyen da ke shan 40,000 zai cika kafin azahar ya riƙa ambaliya, da asuba kuma a tarar da shi wayam. Gwargwado shi ne ya ɗauki ruwan rabin yini zuwa yini guda, da na'urar da ke tsayar da inji in ya cika.

Nau'in bututun da za a rataye inji da shi kuwa ɗakin awo ne ke yanke hukuncinsa. Idan ruwan yana da tsami, ma'aunin pH ya gaza 6.5, bututun ƙarfe na galbanaiz zai yi tsatsa, ruwa ya koma ja, tuwo ya canza kala, wata rana bututun ya tsinke inji ya faɗa ƙasan rami. A irin wannan ruwa roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa ake sawa. Takardar awon ruwan tana ofishin lafiya ko cikin jakar ɗan kwangila, mai aikin famfo bai taɓa ganinta ba.

Wannan takarda ta fi ƙarfin maganar bututu. A kwarin Mayo Tsanaga an daɗe da gano cewa ruwan wasu rijiyoyi yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, kuma shaidar tana bakin yara: haƙora masu dabbare-dabbaren ruwan ƙasa da ba goro ne ya jawo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. Ruwan yana da haske, ba wari ba ɗanɗano, tafasa shi kuma ba ta cire sinadarin. Sai awo kaɗai ke nuna shi, kuma kamata ya yi a auna kafin a kashe miliyoyi a kan hasumiya. A cikin gari da manyan ƙauyuka kuma matsalar naitiret ce, mai fitowa daga masai da turken dabbobi, iyakarsa miligiram 50 a lita. Don haka ake cewa a nisanta rijiya da masai aƙalla mita 30, a toshe saman ramin da siminti mitoci kaɗan daga baki, a ɗaga bakin sama da inda ambaliya ke kaiwa. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Yagwa da kewayenta a 2024 ya san wannan ba ƙawa ba ce. Kwalarar da ta ratsa jihar Arewa Mai Nisa a 2010 ita ma ta koya mana cewa ruwa mai tsabta a bakin famfo yana iya gurɓacewa cikin jarkar da ba a wankewa ko randar da kowa ke tsoma moɗa. Kulorin kaɗan cikin tanki, yadda zai rage miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita a bakin famfo, yana raka ruwan har gida. Sai an koya wa mai kula da foraj awonsa, don in ya zarce mutane za su ce ruwan na warin asibiti su koma mayo.

Sai kuɗi, inda mafi yawan foraj ke yin numfashin ƙarshe. Kalmar da ta fi cutar da sola a ƙauyukanmu ita ce "kyauta". An ce wa jama'a ba sauran sayen gazuwal, wato man dizal, rana ta Allah ce, sai aka ji kamar ba sauran biya. Da janareto kowa ya san in ba a tara kuɗin mai ba yau, gobe ba ruwa. Sola kuwa takan yi shekara uku ko biyar ba ta tambayi kowa komai ba, rana ɗaya ta nemi kuɗi mai yawa a dunƙule. Farantai na iya kai shekara 20 zuwa 25, amma inji da akwatin wuta ba sa kai rabin haka.

A yi misali da lambobin da kowane kwamiti zai musanya da nasa. A ƙaddara sauya inji da kuɗin aiki zai ci sefa 1,500,000, kuma zai yi shekara bakwai. Ajiyar wata ta zama kusan 18,000. A ƙara 25,000 na mai kula da wurin, 15,000 na kawunan famfo da ajiyar akwatin wuta, 10,000 na kulorin da zuwan mai gyara. Kusan 70,000 ke nan a wata. Idan gida 200 za su ba da 500 kowanne, an sami 100,000, ya isa har da rara. Amma karo-karon wata yana da halinsa: da damina ta sauka rabi za su daina, su ce ai ruwan sama suke sha. Kuɗi ya koma 50,000, kuma abin da za a fara yankewa shi ne ajiyar inji, don ita ce ba mai zuwa ya yi ƙorafi a kanta. Sayarwa da jarka ta fi riƙe kanta. Ko a sefa 10, dala biyu, aka sa jarkar lita 20, in an sayar da 500 kawai a yini an sami 5,000, wata ya ba da 150,000. Sharaɗin shi ne mitar ruwa a bakin tanki, a riƙa gwada litar da ta fita da kuɗin da ya shigo. In babu mita, zargi ne zai shiga tsakanin mai karɓar kuɗi da jama'a, ko da shi mai amana ne. Kuɗin kuma kada ya kwana a akwatin ma'aji, inda biki da rasuwa da rancen "zan mayar bayan an sayar da auduga" za su same shi. A zuba shi a asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku, ko ta Orange Money ko MTN Mobile Money inda banki ya yi nisa, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. Marayu da tsofaffin da ba su da hali, a yanke musu jarkokinsu a rubuce tun farko. Mun fi son a ga mata a kujerar ma'aji da ta mai sayarwa, domin su ne ke fara sanin ruwa ya ragu, su ne kuma ke komawa mayo in ya ɗauke.

Inda za a sa kwamin shayar da dabbobi, a takarda aikin magini ne, a ƙasa kuwa maganar zaman lafiya ce. In aka manna shi da famfon mutane, shanu za su tattake wurin ya zama caɓi, su ture yara, faɗa ya tashi. In hanyar zuwa gare shi ta ratsa gonar masakwa ko lambun albasa, an shuka rigima. A ja bututu mita 50 ko 100 zuwa gefen burtali, a yanke lokacin shayarwa da kuɗin kowane kai tare da makiyayan kansu. Rikicin da ya tashi a yankin Logon-Birni a 2021 tsakanin makiyaya da masunta da manoma, wanda ya kai har Kusseri ya tura dubban mutane tsallaken kogi zuwa Chadi, a kan ruwa ya faro. Ba wanda ya isa ya ce shawara da lawan da arɗo ɓata lokacin injiniya ce.

To wa zai riƙe zaren? A Kamaru doka ta riga ta nuna. Akwai dokar ruwa ta 1998, kuma tun 2010 aka miƙa wa ƙananan hukumomi, wato komin, alhakin rijiyoyi da foraj a wuraren da bututun kamfanin ruwa na ƙasa, Camwater, bai kai ba. Ke nan magajin gari ne uban aikin, ko kuɗin daga FEICOM, asusun gwamnati na tallafa wa komin, ya fito, ko daga ƙungiyar agaji, ko daga wani ɗan gari mai neman lada. Abin da ya rage shi ne kowace komin ta sami mutum ɗaya da wannan ne aikinsa. Ba lallai ya iya haƙa ko ɗaurin waya ba. Ya dai iya karanta takardar gwaji, ya gane ko injin da aka kawo ya dace da ita, ya fahimci sakamakon awon ruwa, ya duba littafin ma'aji, ya kuma iya zama a zauren lawan ya saurara. Irin wannan mutum makarantunmu ba su cika fitar da shi ba, kowa ana horar da shi a layinsa. Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, tana da babbar makarantar fasaha da ta haɗa sashen ruwa, da na makamashi mai sabuntuwa, da na noma da kiwo, da na kwamfuta a inuwa ɗaya. A ganinmu babu aikin kammala karatu da ya fi a haɗa ɗalibi ɗaya daga kowane sashe, a ba su matattun foraj goma na komin guda, su gano abin da ya kashe kowanne, su rubuta rahoto ɗaya.

Makamin wannan jami'i na farko fayil ne. Kowane foraj ya zama yana da nasa, kwafi a komin kwafi a hannun kwamiti: zanen rami da inda rariya take, sakamakon gwajin ja, awon ruwa, sunan inji da lambarsa da zurfin da aka rataye shi, zanen wayoyi, da lambar mai gyara. Kada a sa hannu a karɓi aiki sai waɗannan sun cika, kuma kason da ake riƙe wa ɗan kwangila na garanti, wanda yawanci kashi 10 ne, kada a sake shi sai foraj ya ga bazara guda ya tsallake. Na biyu, komin ta tsaya a kan nau'in inji biyu ko uku da ake samun kayansu a Marwa ko Garwa. In kowane mai taimako ya zo da nasa iri, ƙaramin abu zai lalace a yi wata shida ana jiran saƙo daga Duwala. Na uku, a haɗa foraj ashirin ko talatin a ba mai gyara ɗaya da yarjejeniya, yana zagayawa duk wata uku ko an kira shi ko ba a kira ba. Ƙauye ɗaya ba zai iya ciyar da ƙwararre ba, talatin za su iya.

Mafi arahar kayan aikin duka shi ne littafin makaranta mai shafi 100 a hannun mai kula da foraj. Kullum da magariba ya rubuta lambar mita, ya rubuta ko an yi rana ko hazo. Wanda ya iya karanta wannan littafi yana ganin ciwo tun bai kwantar da inji ba. Idan ruwa na raguwa kaɗan-kaɗan cikin makonni, a fara duba ƙura da inuwa. An wanke bai dawo ba, to ko ruwan ƙasa ne ke sauka, ko fukafukan inji sun fara cinyewa. Idan ya faɗi rabi dare ɗaya, a duba waya ko faranti guda da ya fashe. Idan inji na tsayawa da tsakar rana ya tashi bayan minti ashirin, ana ƙure rijiyar ne, a rage masa gudu daga akwati, kada a taɓa na'urar kariya. Idan mitar bakin rijiya ta nuna lita 35,000, kuɗi kuma na lita 15,000 ne, to ko bututu na yoyo a ƙarƙashin ƙasa ko aljihu ne ke yoyo, kuma bin layin bututun da ƙafa ana neman inda ciyawa ta yi kore a tsakiyar rani zai raba gardama. In kuwa aka tari ruwa a farin bokiti, aka bar shi ya kwanta, aka ga yashi ya kai cikin cokali a gindinsa, a kashe injin a ranar, a ɗauki hoton shafin littafin da na bokitin a tura wa jami'in komin ta WhatsApp kafin a sake kunnawa.